Alheri ya zo, to ina Dokoki Goma suka tsaya?

Malamin katekisim, Garwa:
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Akwai maganar da ke yawo a bakin matasa masu shirin baftisma, ina so mu dube ta da kyau. Da an kai darasin Dokoki Goma sai wani ya karanto Romawa 6:14, cewa ba a ƙarƙashin shari'a muke ba, a ƙarƙashin alheri muke, to don me za a sa su haddar dokoki? A ɗaya gefen kuma iyaye suna kuka cewa zamani ya lalace: tramol a aljihun 'yan kilando masu haya da babur, giyar leda a bakin lekol (makaranta), satar jarrabawa, ciki ba aure, rantsuwar ƙarya a kasuwa. Su so suke wa'azi ya koma doka zalla, a yi ta tsawa har mutane su ji tsoro. Tambayoyina biyu ne. Wane tsari ne daidai na koyar da doka da alheri? Kuma in mai bi ya faɗi, me ikkilisiya za ta yi da shi, daki-daki?

Dattijon ikkilisiya, Gidar:
Malam, amsar ba ta da tsawo. Ubangiji da bakinsa ya ce a Matiyu 5:17 bai zo don ya shafe Attaura da annabawa ba, ya zo ne ya cika su. A Yahaya 14:15 kuma ya ce mai ƙaunarsa zai kiyaye umarninsa. Abin da ya ɓata mu sakaci ne da horo. A da in mutum ya yi maye ko zina, ana sanarwa gaban jama'a ranar Lahadi, a hana shi jibin Ubangiji, ya koma bencin baya har sai an ga tuba. Yau dattawa suna jin nauyin mai kuɗi, suna tsoron kada ya ɗauki baikonsa ya koma wata majami'a. Yara suna kallo, sun san ba abin da zai faru. A maido da horo.

Fasto, Ngawundere:
Baba, ayoyin da kuka kawo daidai suke, kuma zan dawo kan horo. Amma mu fara da tambayar Malam ta farko, domin in tsari ya karkace, horon ma ba ya gyara kowa.

Malam, ka sa yaran su buɗe Fitowa 20, su tsaya a aya ta 2 kafin su kai ga doka ko ɗaya. Allah ya fara ne da cewa shi ne Ubangiji Allahnsu wanda ya fisshe su daga ƙasar Masar, daga gidan bauta. Sai ka koma baya da su: jinin ɗan ragon Idin Ƙetarewa yana sura 12, haye teku yana sura 14, manna tana sura 16. Ba su iso Sina'i ba sai sura 19, a wata na uku da fitowarsu. An 'yanta su, an ciyar da su, sannan aka ba su doka. Ba wanda aka ce wa ya cika dokoki tukuna kafin a buɗe masa teku. Haka Afisawa 2 take: aya 8 da 9 sun ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba, aya 10 kuma ta ce an halitta mu cikin Almasihu domin ayyuka nagari. Mai tsayawa a aya 9 ya yanke magana rabi, mai farawa daga aya 10 ma ya yanke ta rabi.

Yaron da ya karanto Romawa 6:14, a ce masa ya karanta farkon ayar, inda aka ce zunubi ba zai mallake ku ba, ya kuma zarce zuwa aya 15. Bulus ya san za a yi masa wannan fahimta, shi ya sa ya tambaya ko za mu yi zunubi tun da muna ƙarƙashin alheri, ya amsa da kansa cewa ko kusa. Titus 2:11-12 ma ta ce alherin nan shi ne ke koya mana ƙin rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya.

Magabatan gyaran ikkilisiya sun bambanta aiki uku da doka ke yi. Tana hana ɓarna a gari, wannan ya shafi mai bi da marar bi, shi ne aikin alƙali da lamido da jandarma. Tana nuna wa mutum zunubinsa har ya daina dogara ga kansa, kamar yadda Romawa 3:20 da 7:7 suka faɗa. Sannan tana koya wa wanda aka riga aka gafarta yadda godiya take a aikace. Shi ya sa ƙaramin katekisim na Luther na 1529 ya sa Dokoki Goma a farko, kafin shaidar bangaskiya, na Heidelberg na 1563 kuwa ya kai su kashi na uku, ƙarƙashin godiya. Ba saɓani ba ne, kowanne aiki ɗaya ya ƙarfafa.

A aji, kowace doka a bi ta hawa huɗu: a karanta nassin, a faɗi abin da ta hana, a faɗi abin da ta umarta, sannan a nuna inda Almasihu ya cika ta ya kuma ɗauki hukuncinta. Hawa na uku ne ake yawan tsallakewa. "Kada ka yi sata" ba ta ƙare a kan cire hannu daga kayan mutane ba, ta haɗa da taimaka wa maƙwabci ya tsare abinsa ya kuma ƙaru. Afisawa 4:28 ta ce ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. In aka tsaya a hani kawai, aji yana fitar da mutum iri biyu: wanda ya ga bai yi kisa ba bai yi zina ba, ya ɗauka ya gama, da wanda ya faɗi sau ɗaya ya ɗauka an rufe masa ƙofa.

Wani ƙaramin abu da ke rikita yara a taron haɗin gwiwa: ƙirgar dokokin ba ɗaya ba ce. Wurin Lutheran da Katolika ta bakwai ita ce sata, wurin Baftis da sauran ikkilisiyoyin bishara ta bakwai zina ce, sata ta takwas. Gara a kira doka da kalmominta, ba da lamba ba.

Ɗalibi, Marwa:
Fasto, na gode. To amma wace doka ce ta rage a kanmu? Abokanmu Musulmi suna tambaya me ya sa Littafin Firistoci 11 ya hana naman alade amma wasunmu suna ci. Masu sujada ranar Asabar kuma suna cewa mun karya dokar hutu. In muka ce wannan ta wuce, waccan tana nan, sai a ce muna zaɓen wadda ta yi mana daɗi.

Fasto, Ngawundere:
Ɗana, ba mu ne muka yi zaɓen ba, Sabon Alkawari ne ya yi. Dokokin hadaya da abinci da kaciya da idodi sun nuna Almasihu ne tun kafin ya zo. Ibraniyawa 10 ta yi bayanin hadaya, Markus 7:19 ta yi na abinci, Kolosiyawa 2:16-17 ta ce kada wani ya hukunta ku kan ci da sha ko idi ko Asabar. A Ayyukan Manzanni 15 manzanni suka zauna a Urushalima kan wannan tambayar, ba su ɗora wa al'ummai kaciya ba, abu huɗu suka ce a guje wa: abin da aka miƙa wa gumaka, jini, abin da aka maƙure, da fasikanci. Dokokin halin kirki kuwa an maimaita su, duba Romawa 13:8-10.

Akwai kashi na uku da ake mantawa, wato dokokin zaman ƙasa na Isra'ila. Ba ma zartar da hukuncinsu, amma dalilinsu yana nan. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta ce wanda ya gina gida ya yi wa soronsa rawani don kada wani ya faɗo. Fitowa 21:33-34 ta ce wanda ya haƙa rami bai rufe ba, dabbar wani ta faɗa, shi zai biya. A wurinmu wannan rijiya ce marar murfi a tsakar gida, da ramin bulo da aka bari damina ta cika shi yara suna wasa a baki, da babur marar birki da aka ba yaro ya yi kilando da shi. Kuma 'yanci kan abinci ba izini ba ne na ɓata wa maƙwabci rai. Romawa 14 ta isa a kan wannan.

Shugabar ƙungiyar mata, Marwa:
Fasto, Allah ya ƙara basira. Baba, ku gafarce ni, zan taɓa maganarku. Ban ƙi horo ba, amma a dubi bencin bayan nan a ga wa ke zaune a kai. Yarinya ce wadda cikinta ya fito. Wanda ya yi mata cikin yana cikin mawaƙa, ko ya tafi Yawunde, ko kuma shi ne malaminta na lekol. Littafin Firistoci 20:10 da Maimaitawar Shari'a 22:22 duk sun ambaci namiji da mace tare. A Yahaya 8 ne aka kawo mace ita kaɗai, kuma mun san yadda Ubangiji ya yi da waɗanda suka kawo ta. Horon da ke kama wanda zunubinsa ya bayyana a jiki kaɗai, abin da yake koya wa yara shi ne su iya ɓoyewa. Yarinya sai ta ɗaure ciki da zane, ta ƙi zuwa awo, ko ta sha haɗin da zai zubar da shi, daga nan sai zubar jini, wani lokaci sai gawa.

Ga yadda ya kamata a bi. Mata biyu masu hankali su fara zama da ita, ba zauren dattawa maza ba. Tambaya ta farko shekarunta nawa, kuma da yardarta ne ko tilas aka yi mata. In ƙaramar yarinya ce, ko wani mai iko a kanta ne ya yi, malami ko ubangida ko ɗan'uwa, to ba mai laifi ba ce, wadda aka zalunta ce, kuma maganar ta hukuma ce, ba a kashe ta a ɗaki da kuɗin goro. Na biyu, a kai ta awo tun da wuri. Na uku, a kira namijin da iyayensa, a rubuta abin da zai riƙa bayarwa na abinci da asibiti, da ranar bayarwa. Na huɗu, kada a cire ta daga lekol. Tun 2022 ma'aikatar ilimin sakandare ta Kamaru ta ba da umarni a bar ɗaliba mai ciki ta ci gaba da karatu, ta kuma dawo bayan haihuwa. Bayan duk wannan ne ake maganar tuba da jibin Ubangiji, kuma ga su biyun.

Ɗan kasuwar hatsi, Kuseri:
Mama ta buɗe ƙofa, bari in shiga ta wajen kasuwa. Da an ce lalacewar zamani sai kowa ya kalli tufafin 'yan mata da waya. Annabawa kuwa mudu suka fi kallo. Amos 8:5-6 ta yi maganar masu ƙanƙanta mudu, masu algus a ma'auni, masu sayar da sharar alkama. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana ajiye ma'auni iri biyu a jaka da mudu iri biyu a gida, babba da ƙarami, ta kuma kira mai yin haka abin ƙyama ga Ubangiji. Wannan kalma ce mai nauyi ƙwarai, amma ba a cika jin ta a kan bagade game da mudu ba.

Yadda ake yi kowa ya sani. Kwano mai faɗi na saye a ƙauye, matsattse na sayarwa a gari. A buga gindin kwano ya lotsa ciki. A saye da tozo har da tallafin hannu, a sayar a shafe. A zuba ƙaiƙayi ko yashi a tsakiyar buhu. A jera manyan albasa a baki, ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa. A yayyafa wa auduga ruwa daren kai ta ma'auni. A gauraya kananzir a man zuwazuwa, wato fetur na bakin titi, injin babur ɗin talaka ya mutu. Ku yi lissafi: koro, wato kwanon awo, na ɗaukar wajen kilo 2 da rabi na hatsi. In lotsawa ta rage giram 200, a awo 100 an ci kilo 20, wato koro 8 na mutane. Wanda ke auna 100 a ranar kasuwa, a shekara ya cinye buhuna.

Sai bashin damina. A ba mutum buhun dawa a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, a karɓi biyu da kaka. Ninki ne cikin wata uku ko huɗu. Littafin Firistoci 25:35-37 ya hana karɓar ruwa a kan ɗan'uwan da ya talauce, ya ambaci kuɗi ya kuma ambaci abinci. Maimaitawar Shari'a 24:6 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin ran mutum ke nan. A yau wannan garma ce, ko keken ɗinki, ko shanun noma. Haka kuma 'yan ƙwadagon da ake ɗauka dashen masakwa, dawar rani, a ƙasar laka da ake kira karal, a ce musu sai an sayar da amfani. Aya 14 da 15 na wannan surar sun ce a biya matalauci hakkinsa kafin rana ta faɗi, Yakubu 5:4 kuma ta ce ladan da aka danne yana kuka. Masu yin waɗannan abubuwa da yawa a bencin gaba suke, wasu su ne masu riƙe da kuɗin ikkilisiya. Laifi tudu ne.

Dattijon ikkilisiya, Gidar:
'Yata, ba ki yi laifi ba, gaskiya kika faɗa. Ɗana na Kuseri, kai ma haka. Horon da ya tsallake mai mudu biyu ya kama marainiya ba horo ba ne. Amma kada wannan ya zama dalilin sakin kowa. A faɗaɗa horo ya kama duka. Kuma ina nan kan bakana game da abin sha. Dawar da za a ci a damina ita ake dafawa bilbil, wato burkutu, da rani, kuɗin lekol ya tafi can, dukan mata daga can yake fitowa. Masu bishara na farko da suka hana shi gaba ɗaya sun san abin da suka gani.

Malamin tarihi, Mundu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so in sa baki kan kalmar "a da". Mai Hadishi 7:10 ya ce kada a tambaya me ya sa kwanakin da suka wuce suka fi na yanzu, domin ba hikima ce ke kawo wannan tambaya ba. Amos da aka ambata ya yi annabci ne ƙarni takwas kafin haihuwar Almasihu, kuma mudu biyu yana nan tun lokacin. Ikkilisiyar Korinti manzo ne ya kafa ta, amma a cikinta aka sami mai zama da matar ubansa da masu buguwa a wurin jibin Ubangiji.

Mu a Cadi muna da abin tunawa. Daga 1973 gwamnatin Tombalbaye ta tilasta wa mutanen kudu, har da ma'aikatan gwamnati, shiga tsafin yondo da sunan komawa al'ada. An rufe majami'u, an kori 'yan mishan, an kashe fastoci da masu bi da suka ƙi. Abin bai tsaya ba sai da juyin mulkin Afrilun 1975. Wasu sun tsaya a kan Ayyukan Manzanni 5:29, cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Wasu kuma sun shiga saboda tsoro, bayan haka ikkilisiyoyi suka sha wahalar tambayar da Malam ya yi yau: yaya za a karɓi wanda ya faɗi? To zamanin iyayenmu ma yana da masu tsayawa da masu faɗuwa.

Abin da ya sake shi ne yanayi. Ƙwaya ta yi arha, caca ta shigo waya, yara suna barin ƙauye zuwa Garwa da Njamena ba mai ce musu kul, rikicin Boko Haram kuma ya watsa iyalai da yawa a wajen Mora da Mokolo. Waɗannan gaskiya ne, a yi maganinsu. Amma Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 5:12 ba aikinsa ba ne hukunta na waje, Bitrus kuma ya ce shari'a daga gidan Allah take farawa.

Ma'aikaciyar jinya, Garwa:
Tun da an ambaci tramol, a bar ni in faɗi abin da dattawa ke bukatar sani kafin su yanke wa yaro horo. Tramadol maganin ciwo ne dangin ofiyom. A asibiti ƙwaya ɗaya miligiram 50 ce ko 100, kuma babba ba ya wuce 400 a yini. Ta bakin titi akwai mai 120, mai 200, mai 225, yaro kuma ya haɗiye uku ko huɗu da shayi ko kofi don ya yi kilando daga asuba zuwa dare, ko ya yi noma bai gaji ba. Yawanta na kawo farfaɗiya, shi ya sa za a ga mutum ya faɗi daga kan babur yana shure-shure. In an haɗa ta da giya tana danne numfashi har mutuwa.

Inda ikkilisiya ke kuskure shi ne a sa yaro ya tashi gaban jama'a ya yi alkawarin bari daga yau. Wanda jikinsa ya saba, in ya yanke gaba ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu zai fara gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci da fargaba. Sai ya koma, ga kunyar karya alkawari a kai, daga nan ba a ƙara ganinsa a sujada. Hanyar ita ce a kai shi wurin likita a rage masa a hankali cikin makonni, a sa mutum ɗaya babba ya riƙa ganinsa kullum, a kuma duba dalilin shan. In mai babur ya ɗora masa kuɗin da ba zai samu ba sai ya yi awa 16 a kan hanya, to mai babur ɗin ma a kira shi, musamman in ɗan ikkilisiya ne. Komawa sau ɗaya ko biyu a lokacin jinya ba alamar tuban ƙarya ba ce.

Baba, kan abin sha, arki, wato giyar da ake tatsa mai ƙarfi, da giyar leda sun fi bilbil saurin kashe hanta. Kuma mata da yawa masu dafa bilbil da shi suke biyan kuɗin lekol. In za a hana su, a zo da wata sana'ar da jarinta.

Fasto, Ngawundere:
Baba, kan bilbil mu rarrabe abu biyu. Buguwa Allah ne ya hana, Afisawa 5:18. Hana sha gaba ɗaya ƙa'ida ce ta ikkilisiya, mai kyau ce a inda giya ke rushe gidaje, ina kuma goyon bayanta, amma a koyar da ita da sunanta. In muka kira ƙa'idarmu dokar Allah, ranar da yaro ya karanta Yahaya 2, inda Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi, zai daina yarda da mu har a kan abin da Allah ya faɗa da gaske.

Yanzu tambayar Malam ta biyu. Matiyu 18:15-17 ta ba da hawa huɗu. Ka je wurinsa ku biyu kaɗai. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. In bai ji su ba, a faɗa wa ikkilisiya. In ya ƙi jin ikkilisiya, sai a ɗauke shi kamar na waje. Kowane hawa yana tsayawa ne a inda mutum ya ji. Wanda ya tuba a hawa na farko, maganarsa ba ta kai bagade ba, sai dai in laifin ya riga ya zama na fili ko shi shugaba ne, kamar yadda 1 Timoti 5:20 ta nuna. Kuskurenmu mu fara daga hawa na uku, yanzu ma har a WhatsApp, kafin kowa ya taka ƙofar gidansa. Ƙara a kan dattijo kuma ba a karɓa sai da shaidu biyu ko uku, aya 19 ke nan. Amma wannan ba mafaka ba ce ga wanda ya yi wa yarinya fyaɗe, wannan hukuma ce ke bincikensa, kamar yadda Mama ta faɗa.

Littafi bai yanka watannin horo ba. Wata uku ko shida da aka saba ƙa'ida ce tamu. Illarta ita ce mutum ya zauna ya ƙirga watanni kamar ɗan kurkuku, ya dawo bai gyara kome ba. Abin da Littafi ya nema shi ne mayarwa. Littafin Firistoci 6:1-7 ya ce wanda ya ci amana ko ya danne ajiya ko ya yi rantsuwar ƙarya, ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo hadayarsa. Wanda ya musa bashin sefa 50,000, zai biya 60,000. Ku kwatanta da Fitowa 22: ɓarawon da aka kama da dabba da rai a hannunsa ninki biyu yake biya, in ya yanka ko ya sayar, tumaki huɗu a bakin tunkiya, shanu biyar a bakin sa. Wato wanda ya zo da ƙafarsa ya fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Alheri yana cikin shari'ar tun asali. Zakka kuwa a Luka 19, bayan Yesu ya riga ya shiga gidansa, shi da kansa ya ɗauki ninki huɗu. Ba a sa masa sharaɗi a bakin ƙofa ba.

Don haka ranar da za a sa mutum a horo, a rubuta abu uku: abin da zai mayar da wa zai mayar wa, wane dattijo ne zai riƙa ziyartarsa, da ranar da za a sake zama. Kada a hana shi jin Maganar Allah. In ya cika, a karɓe shi a fili kamar yadda aka sanar a fili. Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 2:6-8 hukuncin ya isa, a gafarta masa a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Mayarwar ba ita ke sayen gafara ba, gafara jinin Almasihu ne ya biya ta. Amma wanda aka cuta yana nan da rai, yana jiran dawarsa.

Dattijon ikkilisiya, Gidar:
Wannan na rubutawa da ziyara na yarda da shi. Sanarwar maidowa ma gaskiya ce, ana yawan yin ta a gurguje bayan an yi ta farko da ƙarfi. Kan bilbil dai ban sauka ba, Fasto. Ku kira ta ƙa'ida, amma kada a sassauta ta.

Ɗalibi, Marwa:
Saura abu biyu, iyayena. Kasuwar Pitowa da ta Mora ranar Lahadi suke ci, kuma akwai masu bi da abincin makonsu daga nan yake fitowa. Sannan kuɗin da ake miƙawa a shingen hanya, shi ma rashawa ce?

Fasto, Ngawundere:
Kan kasuwa, Markus 2:27 ta ce an yi Asabar domin mutum ne. A sa sujadar asuba ko ta yamma saboda su, kada a kore su. Amma mai shago da ke zaune a majami'a yaransa suna ɗaukar buhu kwana bakwai a mako, shi ne dokar ta fi kamawa, domin Maimaitawar Shari'a 5:14 ta ce bawanka da baiwarka su huta kamar kai. Kan shinge, Fitowa 23:8 ta hana toshiyar da ke makantar da mai gani. In takardunka ba su cika ba ka miƙa kuɗi don a kau da kai, kai ma ka shiga. In sun cika aka matsa maka, ƙwace ne, nauyin yana kan mai karɓa, kuma Yahaya Maibaftisma ya riga ya gaya wa sojoji a Luka 3:14 su daina ƙwace, albashinsu ya ishe su. Ka cika takardunka, in an ce tara ce ka nemi rasit.

Malamin katekisim, Garwa:
Ɗan'uwana na Kuseri, wanda ya shekara goma yana awo da lotsattsen kwano, wa zai mayar wa? Masu sayen ba su ƙirguwa.

Ɗan kasuwar hatsi, Kuseri:
Malam, da farko ya fasa kwanon, kada ya sayar wa wani. Ya kawo sabo a auna shi a sikeli gaban dattawa biyu, shi ne na saye shi ne na sayarwa. Sannan ya yi ƙiyasi: awo nawa a ranar kasuwa, kasuwa nawa a shekara, shekara nawa, giram nawa a kowane awo, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Abokan cinikin da ya sani, irin masu tuwon sayarwa da masu ƙosai da ke saye wurinsa kullum, ya kai musu nasu hannu da hannu. Na waɗanda ba a sani ba, Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce in ba mai karɓa, na Ubangiji ne. A kai shi hatsi, ba kuɗi ba, a zuba a buhu mai ninki uku don kada ƙwari su ci, a ajiye har Yuli da Agusta a raba wa gwauraye da marayu, Kirista da Musulmi, tun da duka aka cuta a kasuwar. Mai riƙe mabuɗin rumbu daban, mai riƙe littafi daban. In jimlar ta fi ƙarfinsa a shekara ɗaya, a raba masa ita kaka uku ko huɗu, ya sa hannu.